Kafin Ka Kai Ta Kara

Ɗana, maganar iyalinka zan yi maka, da ta farar saniyar nan taka. A wurina magana ɗaya ce, kai ne ka raba ta biyu: ɗaya ka miƙa wa mai kemis, ɗaya kuma na ji kana shirin miƙa wa dillali.

Tun masara ba ta yi goyo ba yarinyar nan take fama. Da safe ta tashi garau, ta yi shara, ta ɗora tukunya. La'asar na yi jiki ya ɗau zafi, cikin dare ta jiƙe sharkaf da zufa har sai ta sake zani. Ya lafa kwana biyu ku yi hamdala, mako na zagayowa ya dawo. Ƙugu ya riƙe, gwiwa na ciwo, abinci ba ya shiga. An yi allurar maleriya, an sha ƙwayoyin taifot, an sake sha. Innarka ta dafa sassaƙen shawara, wata ta ce sanyi ne, har na fara jin ana raɗe-raɗin jifa. Ban ce ka yi sakaci da ita ba, na ga ɗawainiyarka. Abu guda nake tuhumarka da shi. Cikin duk masu ba da maganin nan babu wanda ka gaya wa cewa saniyarka ta yi ɓari da farkon damina, kuma wadda ke kwancen nan ita ce ta taya ka jan mabiyiya, ita ce kuma mai tatsa.

Ka san aikin da na tsufa a cikinsa, bin garke ne da sirinji. Saniya ta ɗauki ciki lafiya, ta kai wata shida ko bakwai, ba duka ba faɗuwa ta zubar da shi, sannan mabiyiya ta maƙale kwana da kwanaki tana wari. Duk Bafulatanin da ka kai wa wannan labari, kafin ka rufe baki zai ce maka bakkale. In kuwa ya hango wata tsohuwar saniya a garken da kumburin ruwa a gwiwa, ko bijimi da maraina a kumbure, ba zai ma tsaya tambaya ba. A asibiti burusela suke ce mata. Akwai wasu cututtukan da ke sa dabba ɓari, shi ya sa jini ne zai yanke hukunci, ba bakina ba. Amma ɓarin saniya a tsakar gida, bayan 'yan makonni kuma zazzaɓi mai tafiya yana dawowa a jikin mai tatsarta, wannan ba abin da za a bari a kan teburin mai kemis ba ne.

Bari in gaya maka yadda cutar take aiki, don in ka gane ba sai an tsaya a kanka ba. Ƙwayar cutar nan babu inda take so irin mahaifar dabba mai ciki. Can take hayayyafa har ta lalata mahaɗar uwa da ɗa, ɗan tayi ya mutu ya fito. Ranar ɓarin, da ɗan tayin da mabiyiyar da ruwan da ya zuba ƙasa, duk cike suke maƙil da ita. Sauran shanu su zo su shinshina, su lasa, su ci harawar da ruwan ya taɓa, shi ke nan sun ɗauka. Rana mai zafi tana kashe ta da wuri, amma a inuwa, cikin laka da kashin shanu na damina, takan yi makonni, wani lokaci watanni, da ranta. Ita kuwa saniyar da ta yi ɓarin, yawanci sau ɗaya take yi. Ciki na gaba ta riƙe shi, ta haihu, ta yi ƙiba, fata na sheƙi, mai ita ya ce ta warke. Ba ta warke ba. Cutar ta koma cikin hantsa da kaluluwa ta kwanta kamar garwashi a cikin toka, tana bin madara kaɗan-kaɗan, kuma duk haihuwa sai ta sake zubo ta.

To kai me ka yi ranar? Ka naɗe hannun riga ka zura hannu har gwiwar hannu, hannun da garma da fartanya suka tsattsaga. Ta irin wannan tsaga take shiga, ta ido ma tana shiga in ruwan ya fantsama, ta hanci da baki ma haka. Da kuka gama ka ɗauki tayin ka wurga bayan danga. Kafin magariba karnuka sun ja shi sun ratsa da shi unguwa, aka yi ruwa da dare ya wanke sauran zuwa inda dabbobin mutane ke sha. Rami mai zurfi ya kamata a haƙa nesa da rijiya, a binne komai, a zuba toka ko farar ƙasa, a kwashe shimfiɗar da ta jiƙe a ƙone, a wanke wurin da ruwan Izal. In babu safar hannu, ledar da ake ƙulla gishiri ma ta fi babu, a ninka biyu a ɗaure a wuyan hannu. Ita kuma saniyar a ɗaure ta ita kaɗai har zubar ta tsaya. Duka wannan bai kai kuɗin allura ɗaya daga cikin waɗanda aka yi wa iyalinka ba.

Na san dalilin da ya sa turken ya dawo cikin gida, kusa da madafa da rijiya, kuma ban ga laifinka a nan ba. Da can shanu a bayan gari suke kwana. Tun da ɓarayin shanu suka addabi Faskari da Sabuwa da Dandume, wa zai bar shanun huɗarsa a fili? Kowa ya jawo nasa inda zai ji motsinsu cikin dare. Sai dai abin da ya tsare su daga ɓarawo shi ya kusanto da haihuwarsu da kashinsu inda yara ke rarrafe. Tun da haka zamani ya zo, sai a ƙara kula. Ko da zana ce a kewaye wani lungu na haihuwar dabbobi, gangaren ruwansa kada ya nufi rijiya.

Yanzu madara. Na ji amsar da ka ba ƙanwarka da ta ce a riƙa dafawa. Ka ce wannan ba nonon kasuwa ba ne da ake yi wa algus da ruwa da kuka, daga hantsar saniyarka ya fito, da ɗuminsa, a gaban idonka. Wannan hujja taka tsohuwa ce, kuma ta kwantar da mutane da yawa kafin kai. Akwai wani tsibiri a tekun Bahar Rum, Malta, inda Ingila ta girke sojoji. Shekara da shekaru wani zazzaɓi yana kwantar da su wata da watanni, ana ɗora laifi a kan iska da ƙazantar magudanai. A 1887 wani likitan soja, David Bruce, ya gano ƙwayar cutar a cikin saifar waɗanda suka mutu, amma bai san ta inda take shigowa ba. Sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Zammit, ya same ta a jinin awaki, aka kuma same ta a madararsu. Ka san yadda ake sayar da madara a can a lokacin? Makiyayi ne ke koro awakinsa cikin gari ƙofa-ƙofa, ya tatsa a gaban mai saye. Babu algus, babu ruwa, da ɗuminta, kuma awakin lafiya lau a ido. A 1906 aka hana sojoji shan ɗanyar madarar akuya, zazzaɓin ya kusa ɓacewa daga bariki, alhali mutanen gari da suka ci gaba da sha suka ci gaba da kwanciya. Ta shanu kuwa wani likitan dabbobi na ƙasar Denmak, Bang, ya gano ta a 1897, sannan a 1918 wata mata a Amurka, Alice Evans, ta nuna cewa 'yan gida ɗaya ne da ta Malta. An daɗe ana yi mata dariya kafin a yarda.

Don haka ganin tatsa da ido ba ya tsarkake madara, wuta ce ke yi. Kamfanonin madara suna riƙe ta a zafin digiri 63 na minti 30. Ke nan ba wani zafi na a zo a gani cutar ke buƙata ba. A gida a ɗora a wuta ta tafasa ta taso, a sauke, a rufe, ta huce. In kindirmo ake so, bayan ta huce a zuba ɗan tsohon nonon da shi ma daga dafaffiya aka yi shi, ya kwana. Iyayenmu da ke dafa madara kafin su yi kindirmo sun tsare kansu ba tare da sun san sunan abin da suka tsere wa ba. Inda ake samun matsala shi ne nonon da aka bari ya yi tsami daga ɗanya, da man da aka kaɗa daga gare shi. Mutane suna cewa tsami na kashe komai. Yana rage ta, gaskiya ne, amma nonon da ya kwana ɗaya ko biyu bai isa a dogara da tsaminsa ba. Dakashi ma haka, wanda ake rububin ba yara don a ce yana sa ƙarfi. Kuma ka ja kunnen yaronka mai bin shanu, na san halin 'yan kiwo, in yunwa ta kama su a daji hantsa suke kamawa su tsiyaya a baki. Tafasar nan riba biyu ce, domin tarin fuka na shanu ma ta madara yake bi, kuma wuta ɗaya ke maganinsu.

Kada ka fita daga nan ka ce Baffa ya ce nonon Fulani ne ke kawo cuta. Ban faɗa ba. Su ne ma suka riga mu sanin bakkale, kuma garken da ke yawo a fili, rana na dukan inda ya kwana, ya tashi ya bar wurin, sau da yawa ya fi tsira a kan dabbobin da aka cusa wuri ɗaya suna haihuwa a kan turken juna. Ba kuma baƙuwar cuta ba ce. Tun 1927 aka rubuta ta a shanun Najeriya. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana aiki a kanta, haka malaman likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Abin da ya hana mu jin sunanta a asibitin mutane shi ne ba ta da fuska tata ta kanta. Rigar maleriya take sawa, ko ta taifot. Gwajin taifot ɗin nan da ake yi a kowane lungu kuwa yakan nuna alama ko ga wanda ba shi da ita, sai a rubuta magani a sallami mutum. Maganin ya ɗan danne zazzaɓin, a ce an dace, ya ƙare, ciwo ya ɗago kai.

Gobe ka ɗauki matarka ku tafi Babban Asibitin Funtua, kuma ka buɗe baki. Likita ba boka ba ne, abin da aka gaya masa da shi yake aiki. Ka ce muna da shanu da awaki a gida, saniya ta yi ɓari wata kaza, matata ta taɓa mabiyiya da hannu, muna shan madara ba dafawa, ina so a duba burusela. In ba su da kayan gwajin su tura ku asibitin koyarwa na Shika, hanya ce miƙaƙƙiya. Kai ma ka miƙa hannunka a ɗiba, don na lura tun kwanaki in za ka tashi daga tabarma sai ka dafe ƙugu, kuma shekarunka ba su kai na haka ba. Ga namiji takan sauka a maraina su kumbura, mutum ya yi ta ɓoyewa don kunya yana shan maganin gwaiwa. Ga mai ciki takan jawo ɓari. Ba ta cika kisa ba, waɗanda take kashewa ba su wuce biyu cikin ɗari ba, yawanci in ta kama zuciya. Aikinta shi ne ta cinye wa mutum damina guda, ko shekara, ko ta zauna a ƙashin baya ta bar shi da ciwon da zai tsufa da shi. Manomin da ya kasa sunkuyawa a watan huɗa, ka san abin da ya rasa.

In gwaji ya tabbatar, tana da magani, amma maganin na mai haƙuri ne. Ƙwayar tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin jinin da aka halitta don su kashe ta, shi ya sa magani ɗaya ba ya isa, kwana biyar ba ya isa. Iri biyu ake haɗawa, a sha mako shida cur, wani lokaci da allurai a makonnin farko, in ta taɓa ƙashi kuma ya fi haka tsawo. Cikin mako na farko ko na biyu matarka za ta ji sauƙi, ta ce ta warke, ƙwayoyin sun ishe ta. A nan ne ake faɗuwa. Wanda ya yanke a tsakiya, ciwon na dawowa, a koma farko. Kuma kada ka ji sunan maganin ka je ka saya da kanka. Ɗaya daga ciki, doksisaikilin, ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai shekara takwas ba, akwai wanda ake musanya musu da shi. Ɗayan, rifamfisin, shi ne ƙashin bayan maganin tarin fuka, wasa da shi ɓarna ce ga gari gaba ɗaya. Yana mayar da fitsari ja, kada ku tsorata. Sannan ka gaya wa innarka kada a ware wa yarinyar nan kwano ko a hana yara shiga ɗakinta. Da wuya ƙwarai cutar ta tashi daga mutum zuwa mutum. Ciwo ya ishe ta, ba sai an ƙara mata da ƙyama ba.

Saura saniya, kuma nan ne maganar ta fi yi mini nauyi.

Na ga kwalaben allurar dabbobi ta L.A. a tagar ɗakinka. Ka daina zubar da kuɗinka. Babu allurar da ke raba saniya da bakkale, sai dai ta lafa ta a ido, ragowar maganin kuma ya bi madara zuwa cikin 'ya'yanka. Ina jin kai ma ka fara gane haka, shi ya sa ka yanke shawarar da ka yanke: a bari ta murmure, ta yi kyan gani, a kai ta kasuwar Sheme, dillali ya yabe ta, wani ya saya don kiwo, kai ka dawo da kuɗinka ka sayo wata.

Ka tuna yadda ta zo hannunka. Da cikinta ka saye ta, a farashin da kai kanka ka dawo kana mamaki, har kana cewa ka yi tsuntuwa. Na ce maka a lokacin araha ba ta ado, ka yi dariya. Mai yiwuwa wanda ya sayar maka ya san abin da ya gani a garkensa, ya yi shiru, ya karɓi kuɗinsa. Yau ga matarka a kwance. Shirun da aka yi maka shi kake so ka yi wa wani, wanda shi ma yana da mata mai tatsa da yara masu shan dakashi. Haka cutar nan take tafiya a ƙasar nan, ba da ƙafarta ba, a bayan mota, daga kasuwar Mai'aduwa zuwa ta Charanchi, daga Charanchi zuwa nan, daga nan zuwa kudu, kowa yana tura wa na gaba abin da ya gano. Ka zauna gaban malam ka karanta Risala, ka san abin da babin ciniki ya ce game da ɓoye aibin kaya, ka san mai saye yana da haƙƙin mayarwa. Kuma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangara da su cikin na mai lafiyayyu. Ban kawo maka wannan don in ɗaure ka ba. Na san ba mugunta ce ta sa ka ba, tsoron asara ne, kuma saniya a gidan manomi ita ce asusu, ita ce takin gona a shekarar da buhun takin zamani ya gagari mutane.

Asarar ba ta kai yadda kake zato ba. Da fari a kira likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ya ɗebi jini, nata da na sauran shanun, har awakin matarka da tumakin da kake turkawa don layya, domin su ma suna ɗauka, kuma irin da ke zama a jikin awaki da tumaki shi ya fi tsanani ga ɗan Adam. Gwajin farko ba wuya gare shi ba. Ɗigon ruwan jini ake gauraya da wani ruwa mai launin hoda a kan farin faranti, cikin minti huɗu a ga ko ya yi gudaji. In saniyar ta fito ba ta da ciwon, ka huta, ni ma na huta. In tana da shi, ka ɗaure ta ita kaɗai, kada bijimi ya hau ta, ga kaka ta zo, ga harawa ga dusa ga angurya, ka turka ta ta yi nama, ka sayar wa mahauci don yanka. Ka gaya masa gaskiya, ko ka gaya wa sarkin fawa, don mai fiɗa ya sa safar hannu, a cire mahaifa da hantsa a binne. Naman halal ne kuma lafiyayye in ya dahu sosai, sai dai a kiyayi hanta da saifa masu jini-jini a tsire. Za ka samu kuɗin nama, ba kuɗin saniyar haihuwa ba. Bambancin shi ne abin da za ka biya, kuma ya fi sauƙi a kan ɓarin karsana uku baɗi.

'Yan maruƙa mata da suka rage akwai rigakafinsu, ana yin sa a Vom, ana yi musu tun suna 'yan watanni kafin su isa barbara. Wannan allura ba ta hannun kowa ba ce. Ƙwayar cuta ce mai rai aka raunana, in ta soki mutum tana sa masa ciwon, in aka yi wa mai ciki tana iya zubar da shi. Ka bar wa masu aikin. Mutum kuwa har yau ba shi da rigakafi. Nan gaba kuma in ka sayo dabba, ko daga hannun wa, ta yi makonni a gefe, a gwada jininta, kafin ta haɗa kwano da naka.

Akwai mutum biyu da ke da haƙƙin ji daga bakinka tun kafin sakamako ya fito. Makiyayin da ke haɗa shanun unguwa ya kai su kiwo, domin saniyar ta yi wata da watanni tana cuɗanya da na mutane, kuma akwai masu ciki a cikinsu. Sai maƙwabcinka na gabas, wanda kullum ake aika wa tsohuwarsa ƙwaryar madara daga gidanka. Alheri kuka yi nufi, sai a gaya musu su riƙa tafasawa, in kuma akwai mai zazzaɓi a gidan ya bi ku asibiti. Na san da nauyi mutum ya je ya ce dabbata ce mai ciwo. In bakinka ba zai iya ba, ka biyo ta nan bayan sallar la'asar mu tafi tare, ni zan fara maganar.